Muhammadu Bello Mai Wurno: ɗan Sarkin Musulmi da ya zama fatoman alhazai a Sudan

Titin da ya tashi daga Kano ya biyo ta Wudil, ya ratsa Shuwarin a bakin Dutse, ya nufi Azare da Maiduguri, yana bin sawun wata tsohuwar hanya ce wadda kakanninmu suka taka da ƙafa suna neman Ɗakin Allah. Daga Borno sukan shiga Cadi, su wuce Wadai da Darfur, su isa El Obeid. Tafiyar takan ci shekaru, guzuri ya ƙare tun ba a yi rabi ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka kai gaɓar Shuɗin Nilu a farkon ƙarnin da ya wuce sun tarar a can da wani gari mai jin harshensu, da maigida mai karɓarsu. Shi ne Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, Allah Ya jiƙansa.

Ɗa ne ga Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, daga zuriyar Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu. Mahaifinsa ya hau gadon sarauta a ƙarshen 1902, lokacin da Turawan Ingila suka riga suka tunkaro. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, a lokacin ƙasar Dutse tana ƙarƙashinta, Sakkwato kuma ta faɗi ranar 15 ga Maris. A nan shugabannin jama'a suka rabu biyu a ijtihadi. Waziri Buhari ya ga a zauna a yi sulhu a zahiri domin a tsare addinin talakawan da ba su da ikon tashi. Attahiru ya ga hijira ta wajaba, ya ɗauki tuta ya nufi gabas. Ba ma ganin wanda ya zo bayan shekara ɗari, yana zaune a inuwa, yana da hurumin tuhumar ɗayansu.

Jama'a suka riƙa barin gonaki da kasuwanni suna bin sa, domin tun zamanin Shehu akwai zancen cewa ƙarshen al'amarin wannan jama'a ƙaura ce zuwa gabas. Sarkin Misau Ahmadu ya bi, haka ma Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umarul Futi. Turawa suka cim musu a Burmi, kusa da kogin Gongola, ranar 27 ga Yulin 1903 Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa.

Mai Wurno ya tsira, ragowar masu hijira suka taru a bayansa. Suka ratsa ƙasashen da Jamus da Faransa ke ta mamayewa, har suka kai wani ƙauye a bakin Shuɗin Nilu mai suna Shaikh Talha, kudu da Sinnar. Wajen 1906, shekarar da Haɗejia ta faɗi Sarki Muhammadu ya yi shahada, aka kafa sabon gari a tsallaken kogin, aka kira shi da sunan jagoransa.

Abin da ya tarar a Sudan shi ne jarrabawa mafi nauyi. Daular Mahadi ta rushe tun 1898, ƙasar tana hannun Ingila da Masar, amma Ingilishi ne masu faɗa a ji. Mutumin da ya bar Sakkwato don kada ya zauna ƙarƙashin Nasara, bayan tafiyar shekaru ya sauka ƙarƙashin waɗannan Nasaran dai. Bayansa akwai mata da yara da tsofaffi waɗanda ƙafafunsu suka gaji. Ya zauna, ya karɓi izinin hukuma, ya raba filaye aka yi noma.

Daga nan rayuwarsa ta koma ta mai masauki. Bahaushe ya san fatoma tun a zangunan fataken goro: shi ne mai saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan magana ta taso da masu gari. Abin da Mai Wurno ya yi ke nan, sai dai masaukinsa gari ne sukutum, baƙinsa kuma baƙin Allah ne. Maniyyaci ya iso ba ko sisi, ba ya jin Larabcin Sudan, mutanen ƙasa suna kiransa Fallata ko Takari. A Mai Wurno zai sami inda zai kwanta, ya sami gonar da zai yi damina ɗaya ko biyu har ya tara kuɗin jirgin ƙasa zuwa Bahar Maliya da na jirgin ruwa zuwa Jidda. Zai sami malamin da zai ci gaba da karantar da 'ya'yansa, da wanda zai raba gardama da harshen da ya sani. Wasu suka wuce Makka suka dawo ta nan. Wasu suka yi aure, shekara ta bi shekara, aka binne su a gaɓar kogin ba su ga Ka'aba ba. Matafiyin da guzurinsa ya yanke, wanda Alƙur'ani ya ba shi kaso a zakka, shi ne ya cika wannan gari.

Ba za mu ɓoye ɗaya fuskar ba. Fatoma yana cin moriyar baƙonsa, kuma yawan jama'a shi ne ƙarfin Mai Wurno a gaban hukuma. Turawa suna gina madatsar ruwa ta Sinnar, wadda aka kammala a 1925, suna buɗe gonakin auduga na Jazira, suna matuƙar bukatar ma'aikata. Mutanen yamma suka zama ƙashin bayan wannan ƙwadago, guminsu ya shiga audugar da ake kaiwa masaƙun Ingila. Hukuma ta amince da shi a matsayin sarkin mutanensa, har ana kiransa Sultan, amma ba ta taɓa sakin jiki da shi ba. Gwamnatin Najeriya ta mulkin mallaka tana tsoron abin da alhazai za su kwaso a hanya na aƙidar Mahadiyya, har ta aika jami'inta Lethem zuwa Sudan a tsakiyar shekarun 1920 ya binciki zaman mutanen yamma a can. Tsakanin wannan zargi da bukatun jama'arsa Mai Wurno ya yi ta takatsantsan kusan shekara arba'in.

Ya rasu a 1944, bai koma Sakkwato da zama ba, ɗansa Muhammadu Ɗahiru ya gaje shi. Ba a daɗe ba jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, tafiyar ƙasa ta riƙa ja baya, ayarin da ke sauka a garin ya ragu. Garin yana nan a jihar Sinnar, sarautar tana hannun zuriyarsa, kuma ana jin Fulatanci da Hausa a cikinsa tare da Larabci.