Henrietta Leavitt da Ma'aunin Nisan Taurari

An haifi Henrietta Swan Leavitt ranar 4 ga Yuli, 1868, a garin Lancaster na jihar Massachusetts a Amurka. Mahaifinta limamin coci ne. Ta yi karatu a Kwalejin Oberlin, sannan ta kammala a makarantar mata da daga baya ta zama Kwalejin Radcliffe a 1892. Ciwo ya taɓa mata kunne, har jinta ya yi rauni ƙwarai.

Ta fara aiki a Cibiyar Nazarin Taurari ta Harvard a ƙarƙashin Edward Pickering, cikin ayarin matan da aka ɗauka domin lissafi da awo. A wancan zamani ba a ba su damar sarrafa na'urar hangen nesa ba. Abin da ke gabanta shi ne faya-fayen gilashi masu ɗauke da hotunan sama da aka ɗauko a Arequipa ta ƙasar Peru, inda ake ganin Gizagizan Magellan, tarin taurari biyu na sararin kudu. Ta riƙa gwada hoton wani dare da na wani, tana farautar taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa saboda kumbura da motsewar jikinsu. A 1908 ta wallafa jerin irin waɗannan taurari 1,777.

A 1912, bayan nazarin guda 25 na Ƙaramin Gajimaren, ta tabbatar da cewa tsawon lokacin da tauraro ke ɗauka kafin haskensa ya zagayo yana tafiya da ƙarfin haskensa. Hujjarta ita ce, tunda nisansu daga duniya kusan ɗaya ne, bambancin da ake gani bambancin asali ne. Saboda haka, idan aka auna lokacin, an san ainihin hasken. Idan aka kwatanta shi da dushewar da ake gani, nisa ya bayyana. Takardar ta fito da sa hannun Pickering.

Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya nuna cewa Andromeda tana can wajen gungun taurarinmu. Leavitt ba ta ga wannan rana ba, domin ciwon daji ya yi ajalinta ranar 12 ga Disamba, 1921. Bayan 'yan shekaru masanin lissafi Mittag-Leffler na Suwidin ya nemi gabatar da sunanta don kyautar Nobel, sai aka sanar da shi ta riga ta rasu.