Marigayi Dokta Ishaya Audu, Ɗan Anchau Da Ya Kafa Makarantar Likitoci A Zariya

Daga cikin 'yan Arewa da suka zo Kudu neman ilmi tun zamanin Turawa, kaɗan ne suka koma gida da irin guzurin da Dokta Ishaya Audu ya koma da shi. Ya yi karatu a Yaba, ya yi a Badun, ya koyar da aikin likita a Idi-Araba cikin birnin Ikko, sa'an nan ya tattara nasa ya nasa ya koma Zariya a shekarar 1966, inda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello har shekara tara. Mutane da yawa sun fi tunawa da shi a matsayin Ministan Harkokin Waje na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Amma aikinsa da ya fi daɗewa yana amfanar talakawa shi ne sashen koyar da aikin likita da aka buɗe a Zariya a zamaninsa, da kuma irin malaman da suka taru a wurin.

An haifi Ishaya Sha'aibu Audu ran 1 ga watan Maris, 1927, a garin Anchau cikin Lardin Zazzau. Bahaushe ne, kuma gidansu gidan Kirista ne. A wancan lokaci ƙasar Anchau ta yi suna wajen ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake yaɗawa a bakin rafuka inda mata ke ɗiban ruwa, yara kuma ke wanka. Cutar ta yi tsanani har Gwamnati ta fito da wani babban shiri tun wajen ƙarshen shekarun 1930, aka sassare kurmin bakin rafuka don korar ƙudan, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari kusa da tsohon aka raɗa masa suna Takalafiya. Watau yaron da zai zama likita ya fito ne daga ƙasar da ta san abin da cuta ke yi wa gari in babu mai magani.

Ya fara karatu a makarantar Mishan ta St. Bartholomew da ke Wusasa, a gefen birnin Zariya. Wannan ɗan ƙaramin wuri ya fitar da manyan mutane da dama. Daga cikin jama'arsa ne Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, kuma a nan ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Saboda haka yaron Wusasa ba ya ganin aikin likita a matsayin abin da sai Bature kaɗai ke iyawa, tun da akwai nasu da ya riga ya yi.

Daga Wusasa sai Kudu. Ya shiga babbar kwalejin Yaba a Ikko, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar makarantun ƙasar. A shekarar 1948 aka kwashe ɗaliban Yaba aka kai su Badun don su zama harsashin Kwalejin Jami'a ta farko a Nijeriya, shi ma ya ci gaba da karatunsa a can. 'Yan Arewa a cikin ɗaliban nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A wancan zamani Badun ba ta da asibitin koyarwa wanda Jami'ar Landan ta amince da shi, domin babban asibitin jami'a na Badun sai a 1957 aka buɗe shi. Don haka ɗalibin likita yakan yi rabin karatunsa na farko a gida, watau sanin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda yake aiki, sa'an nan a tura shi Ingila ya koyi duba marasa lafiya a gadon asibiti. Haka aka yi da Ishaya Audu. Ya tafi Ingila a 1951, ya gama a 1954, ya zama cikakken likita yana da shekara 27.

Da ya dawo ya kama aikin Gwamnatin Jihar Arewa, ya kuma ƙara karatu har ya ƙware a fannin cututtukan yara. Zaɓen wannan fanni ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa suke ɗauke yara tun ba a yaye su ba. A cikin waɗannan shekaru ne ya zama likitan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Jikan Shehu ɗan Fodiyo ya damƙa lafiyar jikinsa a hannun ɗan makarantar Mishan, kuma amanar ta riƙu. Dattawan da suka ga wannan zamani sukan kawo shi misali in ana zancen yadda Arewa ta ɗauki 'ya'yanta a lokacin, ba tare da an tambayi inda mutum ke ibada ba.

Bayan an kafa Jami'ar Ikko a 1962 tare da makarantar likitoci da asibitin koyarwa a Idi-Araba, Dokta Ishaya ya sake zuwa Kudu, wannan karon a matsayin malami. Ya koyar da ɗaliban likita, ya duba yara a asibitin, ya kuma hau matakan malanta har ya kai dab da kujerar Farfesa. Duk wanda ya san Idi-Araba ya san unguwa ce da Hausawa suka daɗe da zama a cikinta. Hanya a buɗe take gare shi ya ƙare rayuwarsa a Ikko cikin rufin asiri da girma, in da ya so.

Sai ga shekarar 1966. Ran 15 ga Janairu sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna, shi ne kuma uban Jami'ar da ke ɗauke da sunansa. Jami'ar kanta jaririya ce, domin ran 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe ta. Shugabanta na farko, Dokta Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, ya bar aiki a wannan shekara, aka naɗa Dokta Ishaya Audu a gurbinsa yana da shekara 39. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe wannan muƙami. Ya karɓi aiki a cikin shekarar tarzoma da zubar da jini, malamai da ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas da yawa suka bar Zariya, a shekara mai zuwa kuma yaƙin basasa ya ɓarke. A 1967 aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida, Jami'ar ta wayi gari ba ta da uwa ɗaya, sai iyaye shida da za a bi a karɓo kuɗin gudanar da ita.

A cikin wannan hali ne aka buɗe sashen koyar da aikin likita a 1967. Babu kuɗin gina sabon asibitin koyarwa, saboda haka aka yi dabara. An kafa Cibiyar Kiwon Lafiya a ƙarƙashin Jami'ar, aka miƙa mata asibitocin Gwamnati da suke akwai a Zariya da Kaduna da Malumfashi, ɗalibai suka riƙa koyon aiki a cikinsu. Wannan ya zo da wata fa'ida. Ɗalibin Zariya ya koyi aiki ne a kan manomi da makiyayi da mai jego daga ƙauye, irin mutanen da zai tarar in an tura shi aiki bayan ya gama.

Akwai kuma wata matsala. Makarantun sakandare na Arewa masu koyar da kimiyya har matakin shiga jami'a kaɗan ne, don haka ko an buɗe aji ba lalle ne a sami 'yan Arewa da za su cika shi ba. Maganin da aka samo shi ne Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a da aka buɗe a Samaru, inda ake ɗaukar yaro da takardar sakandare a horar da shi kafin ya shiga jami'a sosai. Har zuwa 1975 babu wata jami'a a duk faɗin Arewa sai ta Zariya. Yaron da ya tashi a Mutum Biyu ko Jalingo, waɗanda a lokacin suke cikin Jihar Arewa Maso Gabas, in yana son zama likita ba tare da ya bar Arewa ba, ƙofa ɗaya ce gare shi, ita ce wannan.

Makaranta kuwa malamanta ne. Shugaban bai tsaya a kan sai ɗan Arewa ko sai ɗan Nijeriya ba, aka ɗauki duk wanda ya iya aikin, daga gida da waje. Dokta Umaru Shehu na Barno ya shugabanci fannin kiwon lafiyar jama'a da Cibiyar Kiwon Lafiya, daga baya ya zo Kudu ya shugabanci Jami'ar Nsukka daga 1978 zuwa 1980. Farfesa Eldryd Parry daga Birtaniya ya zo a 1969 ya riƙe fannin cututtukan manya. Shi da abokan aikinsa suka binciki ciwon zuciyar da ke kama matan ƙasar Zazzau bayan haihuwa, suka nuna dangantakarsa da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi, domin gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Dokta Brian Greenwood ya shekara goma a Zariya tun daga 1970 yana bincike a kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A Zariya ne aka gwada maganin sanƙarau da allura guda ɗaya tak mai daɗewa a jiki, aka buga sakamakon a 1979, wannan hanya kuwa ta ceci rayuka da yawa a ƙasashen Sahel a lokutan annoba, inda babu isassun ma'aikatan da za su yi ta yi wa kowane majinyaci allura dare da rana. Dokta David Warrell shi kuma ya bi sawun saran kububuwa, wadda manoma ke kira gobe da nisa, har zuwa kwarin Binuwai da Gongola, wurare irin su Kaltungo da Bambur. Dafin wannan maciji yana hana jini daskarewa. Aka fito da gwaji mai sauƙi wanda ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yi: a ɗibi jinin wanda aka sara a zuba a kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga jiki, sai a yi maza a ba da maganin dafi. Bambur tana cikin Jihar Taraba ta yanzu, a kwarin Binuwai ɗin da Mutum Biyu take.

Daga Kudu ma an samu. Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Jihar Ribas, ya zo Zariya a 1972 ya riƙe fannin haihuwa da cututtukan mata. Shi ya jagoranci binciken da aka yi a kan haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, wanda ya nuna cewa matan da ba su zuwa awon ciki, sai naƙuda ta gagara a kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Wasu daga cikin waɗannan ayyuka sun kammala bayan Dokta Ishaya ya bar kujera, amma a zamaninsa aka tara masu yin su, aka kuma ba su filin aiki.

Ya bar shugabancin Jami'ar a 1975, shekarar da aka hamɓarar da gwamnatin Janar Gowon, kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓi Jami'ar daga hannun jihohi. Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi. Shi kuwa ya koma aikinsa na asali, ya buɗe asibitin kansa a Samaru yana duba marasa lafiya.

Da aka ɗage takunkumin siyasa ya shiga jam'iyyar NPP, ya tsaya wa Dokta Nnamdi Azikiwe mataimaki a zaɓen Shugaban Ƙasa na 1979. Ba su ci ba, sun zo na uku. Amma jam'iyyarsu ta ƙulla yarjejeniya da NPN mai mulki, ta haka ya zama Ministan Harkokin Waje. A zamaninsa Zimbabuwe ta sami 'yancin kai a 1980, aka yi taron shugabannin Afirka kan tattalin arziki a Ikko a wannan shekara, Nijeriya kuma ta aika da sojojin kiyaye zaman lafiya zuwa Cadi. Da yarjejeniyar jam'iyyun biyu ta watse a 1981, ya bar NPP ya ci gaba da riƙe muƙaminsa, abin da ya jawo masa suka daga tsofaffin abokan tafiyarsa. Ya sauka a 1983. Bayan juyin mulkin ran 31 ga Disamba na wannan shekara an tsare shi tare da 'yan siyasa da yawa, daga baya aka sake shi.

Sauran rayuwarsa ya yi ta ne a Samaru, tsakanin asibitinsa da aikin coci, domin ya zama limamin Kirista. Ya rasu ran 29 ga Agusta, 2005, a Amurka, yana da shekara 78. A cikin wannan shekara ne asibitin koyarwa na Jami'ar ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika.

Yanzu jami'o'i sun yawaita a Arewa. Taraba kaɗai tana da jami'ar jiha a Jalingo tun 2008, da ta Tarayya a Wukari tun 2011, makarantun likitoci kuma sun kafu a Maiduguri da Jos da Sakkwato da Kano da sauran wurare. Da yawa daga cikin malaman da suka raini waɗannan makarantu a Zariya suka koyi aiki, ko kuwa a hannun waɗanda suka koya a can. Ɗan Arewa mazaunin Sabo ko Agege ko Idi-Araba da ke aika kuɗin magani gida a ƙarshen wata, in ya bi salsalar likitan da ke duba mahaifiyarsa, da wuya bai tarar da makarantar nan ta 1967 a cikinta ba.