Alhaji Adamu Halilu da Gwangwanayen Fim ɗin Shaihu Umar

Babu ɗalibin Hausa da zai ƙare karatunsa bai san littafin Shaihu Umar na Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, tun da yana cikin 'ya'yan gasar nan da Rupert East ya shirya a 1933. Amma idan aka tambayi wane ne ya mai da shi fim, sai aji ya yi tsit. Wannan mutum kuwa shi ne marigayi Alhaji Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkiɗa ta ƙasar Adamawa a 1936, ya rasu a 2001. Dalilin wannan mantuwa, a ganina, yana cikin irin kayan da ya yi aiki da su.

Adamu Halilu ya tashi ne a zamanin majigi. Tun 1939 Turawan mulki suka kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da suke mulka, daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta sami nata a Kaduna. Mota ce ake ɗora wa injin wuta da na'urar haska hoto da lasifika da farin ƙyalle, ta riƙa bin garuruwa. A ƙasarmu ta Gummi da Anka da Bukkuyum, wadda a lokacin take cikin Lardin Sakkwato, har yanzu dattawa suna ba da labarin yadda ake kafa ƙyallen a fili bayan sallar isha'i, mai bayani yana fassara da Hausa, yara sun cika gaba. Galibin abin da ake nunawa faɗakarwa ce a kan noma da tsabta da biyan haraji, irin su Baban Larai.

A wannan fage ya koyi aiki, ya kuma je London ya ƙaro ilmin tsara labari da haɗa fim. Ya yi shekaru yana shirya finafinan gwamnati, cikinsu har da Mama Learnt a Lesson na 1963.

Ya kamata a nan mu dubi abin da ake nufi da ɗaukar fim a wancan zamani, don wanda ya saba da wayar hannu ba zai gane wahalar ba. Fim zare ne mai faɗi, an shafe shi da magani mai jin haske, gefensa da 'yan ramuka inda haƙoran na'ura suke kamawa su ja shi. Akwai mai faɗin milimita 16, wanda motocin majigi suka fi amfani da shi, akwai mai milimita 35 na gidajen silima. Kowace daƙiƙa ɗaya hoto 24 na'ura take ɗauka. Nannaɗi guda na babban zaren, mai tsawon ƙafa 1,000, bai wuce aikin minti 11 ba, sa'an nan a tsaya a sake ɗura wani a cikin duhu, domin haske kaɗan in ya taɓa shi, aikin yini ya tafi. Murya kuma dabam ake ɗaukarta a rikoda, shi ya sa ake buga allon nan mai baki kafin a fara, don a sami wurin da za a daidaita sauti da hoto. Abin da ya fi duka ciwo shi ne mai ɗauka ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke, wankin mai launi kuwa a lokacin sai an kai Ingila. Mutum zai tara jama'a da raƙuma da dawaki, ya sallame su, sai bayan makonni ya san ko aikin ya yi.

Da irin waɗannan kaya ne ya fitar da Shaihu Umar a 1976, bisa wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara daga littafin, Umaru Ladan ɗin kuma ya fito a ciki. Fim ne na minti 142, da Hausa tsantsa, wato in aka yi lissafi hoto fiye da 200,000 ke nan a jere. An nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Ikko. Bayansa ya shirya wani a kan Kanta na Kabi, sa'an nan da aka kafa Hukumar Finafinai ta Nijeriya, shi aka fara ɗora wa shugabancinta.

To, littafi ko an bar shi a kan kanta, duk wanda ya iya karatu zai buɗe. Fim ba haka yake ba, sai da na'urarsa. Da bidiyo ya shigo, gidajen silima suka yi ta mutuwa, na'urorin suka lalace, sai Shaihu Umar ya ɓace daga idon jama'a har aka ɗauka ya salwanta. Shi kansa zaren ba ya jure zafi da laima: yakan soma warin tsami, ya ƙanƙance, launinsa ya koɗe. Adamu Halilu ya rasu fim ɗinsa yana cikin wannan hali.

Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar hukumar da shi da kansa ya taɓa shugabanta. Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin ce ta ɗauki aikin gyara, da taimakon ofishin jakadancin Jamus a Abuja. Yadda ake irin wannan aiki shi ne a tsabtace zaren, a ɗinke inda ya tsage, a bi da shi ta cikin na'urar da take kwafe hotunan ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta, sa'an nan a zauna gyaran launi da sauti. A 2018 aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin, shekara 42 bayan fitowarsa, mai shi kuwa yana da shekara 17 a ƙasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Jamusawa sun zauna sun kalle shi da fassara a ƙasan allo, alhali a ajinmu da na tambaya, ba a sami mutum ɗaya da ya taɓa ganinsa ba, har da ni mai tambayar. Allah ya jiƙan Alhaji Adamu, ya sa ya huta.