Ibnul Haisam: Malamin Da Ya Koya Wa Ɗalibai Hanyar Nemo Amsa

 

Mun saba jin kukan ɗalibanmu game da darasin lissafi, musamman reshensa da ake kira kalkulus, wato lissafin canji da tarawa. Ɗalibi ya haddace ƙa'idoji har ya iya rera su, amma da zarar an sauya wa tambaya riga a ɗakin jarrabawa sai ya tsaya cik. Wannan ciwo ya daɗe a duniya, kuma akwai malamin da ya zauna ya rubuta masa magani kimanin shekara dubu da suka wuce. Shi ne Abu Ali al-Hasan ibnul Hasan ibnul Haisam, wanda Turawa suka sani da Alhazen.

An haife shi a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira, daidai da 965 Miladiyya. Ya tashi a lokacin da littattafan Yunanawa na lissafi da taurari suka riga suka shigo harshen Larabci, ya karance su, sunansa ya kai har Masar. Marubucin tarihi Ibnul Ƙifɗi ya ba da labarin cewa sarkin Faɗimawa, al-Hakim bi Amrillah, ya ji cewa wannan malami na Basra yana da dabarar daidaita ruwan kogin Nilu, sai ya aika aka kirawo shi. Ibnul Haisam ya bi kogin da ma'aikata har wani wuri da ake kira al-Janadil, kudu da Aswan. Da ya ga girman ruwan, ya kuma ga gine-ginen da mutanen farko suka bari, sai ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa, ya koma ya faɗa wa sarki gaskiya. Al-Hakim ya ba shi wani muƙami, amma sarki ne da ya shahara da saurin zubar da jini. Saboda tsoro, malamin ya nuna kamar ya taɓu, aka tsare shi a gida har mulkin al-Hakim ya ƙare a shekara ta 1021.

Daga nan ya koma da zama kusa da ƙofar masallacin Azhar a Alƙahira. Abincinsa yana fitowa ne daga alƙalaminsa: kowace shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis na handasa da littafin Badlamus na taurari da wasu da ake karantawa a tsakaninsu, ya sayar. Mutumin da ya maimaita rubuta littafi da hannunsa shekara da shekaru, babu lungun da zai ɓoye masa a ciki. Shi ya sa ya iya rubuta littafi guda kan warware shakku da ke tasowa a littafin Uƙlidis, inda yake ɗauko wuraren da mai karatu kan yi tuntuɓe, ya bayyana su, wani lokaci ya kawo wata hujja daban da ta marubucin. Ya kuma rubuta wani kan shakkun da yake da su game da Badlamus, duk da girman da yake ba shi. A wurinsa, girmama malami bai hana a auna maganarsa da hujja ba.

Littafinsa da ya fi dacewa da zancenmu shi ne wanda ya kira at-Tahlil wat-Tarkib, wato warwarewa da harhaɗawa. Littattafan magabata sukan kawo hujja a shirye tsaf, daga mataki na farko zuwa na ƙarshe, ba tare da sun nuna yadda marubucin ya gano ta ba. Ɗalibi ya ga ginin ya tsaya, amma bai ga yadda aka aza tubalin ba. Ibnul Haisam ya buɗe wannan ɓoyayyen sashe. Warwarewa ita ce ka ɗauka cewa abin da ake nema ya riga ya samu, sannan ka tambayi kanka me zai biyo baya idan haka ne, ka dinga ja da baya har ka iso ga abin da ka riga ka sani. Harhaɗawa kuma ita ce ka juyo daga abin da ka sani, ka bi sawunka har zuwa abin da ake nema. Ya yi gargaɗi cewa sau da yawa ja da bayan ba ya yiwuwa sai an ƙara wani abu da ba ya cikin tambayar, kamar wani layi a cikin zane, kuma gano abin da za a ƙara yana buƙatar basirar da ake samu ta hanyar yawan aiki. Ya kuma kasa tambayoyi kashi-kashi: mai amsa ɗaya, mai amsoshi da yawa, da wadda ba ta warwaruwa sai da sharaɗi.

Bari mu gwada da wata tambaya da shi kansa ya yi wa gajeriyar risala. Wace lamba ce idan aka raba ta da 2, ko 3, ko 4, ko 5, ko 6, sai 1 ya rage, amma idan aka raba ta da 7 ba abin da ke ragewa? Mu ɗauka mun same ta. Idan muka cire mata 1, abin da ya saura zai rabu da 2 da 3 da 4 da 5 da 6, ke nan ninkin 60 ne. Sai mu duba 61, 121, 181, 241, 301. Ta ƙarshen ita ce 7 sau 43. Ibnul Haisam ya kawo wannan amsa ta 301, ya kuma kawo wata ta gajeriyar hanya: a ninka lambobi daga 2 zuwa 6, a samu 720, a ƙara 1, ya zama 721, wato 7 sau 103. Hanyar ta dogara ne kan wata ƙa'ida game da lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, wadda a yau ake jingina wa Baturen Ingila John Wilson na ƙarni na 18.

A fagen auna cikin siffofi masu lanƙwasa ne ya kusanci kalkulus. Akwai lanƙwasasshen layi da ake kira farabola, irin hanyar da dutse ke bi idan aka jefa shi. Arshimidas na Yunan ya riga ya nuna cewa idan aka juya farabola a kan sandarta ta tsakiya, siffa mai kama da kwano da za ta fito tana cin rabin gangar da ta kewaye ta. Sabit ibnu Ƙurra da al-Ƙuhi ma sun yi aiki a kan wannan. Ibnul Haisam ya ɗauko wadda ta fi wuya: idan aka juya farabolar a kan gindinta, ta ba da siffa mai kauri a tsakiya mai tsini a baki biyu, kamar ƙwallon dabino. Ya yanyanka ta a tunani zuwa faya-fayai sirara, ya auna ta tsakanin faya-fayan da ke ciki da waɗanda suka ɗan zarce waje, ya nuna cewa tazarar da ke tsakaninsu tana ƙanƙancewa gwargwadon yadda yankan ke ƙara siranta.

Don ya tara waɗannan faya-fayai, sai ya buƙaci ƙa'idar jimlar lambobin da aka ninka da kansu har sau huɗu, kamar 1 da 16 da 81 da 256. Ya gina ta hawa-hawa: jimlar lambobi zalla, sai ta ninki na biyu, sai ta na uku, sai ta na huɗu, kowace tana tsaye a kan wadda ta gabace ta. Sakamakon shi ne siffar tana cin kashi 8 cikin 15 na gangar da ta kewaye ta, kuma ya tabbatar da hakan ta nuna cewa ba zai yiwu ta fi haka ba, ba zai yiwu ta gaza ba. Adalci shi ne mu ce kalkulus a matsayin cikakken fanni ya fito ne a hannun Niyuton da Laibniz a ƙarni na 17. Amma yanka siffa da tara yankan, wanda ɗalibin jami'a ke yi a yau da alama guda a kan takarda, Ibnul Haisam ya yi shi da hannu, yana sane da dalilin kowane mataki.

Littafinsa mafi shahara, Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai a kan haske da gani, shi ma a kan wannan tsari yake. A ciki ya tabbatar da cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido, kuma ya bayyana gwaje-gwajensa dalla-dalla yadda mai karatu zai iya maimaita su. An fassara littafin zuwa Latin, an buga shi a birnin Basel a 1572.

Game da halinsa da ɗalibai, al-Baihaƙi, marubucin tarihin masana, ya ruwaito cewa wani basarake ya zo karatu wurinsa, ya yanka masa dinari 100 a kowane wata. Bayan shekara uku, da ɗalibin ya zo sallama, sai malamin ya mayar masa da kuɗinsa duka, domin tun farko gwada ƙaunarsa ga ilimi yake yi. Ibnul Haisam ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 430 bayan Hijira, wato 1040.

Nasiharmu ga malamin lissafi ita ce ya bar ɗalibai su ga yadda yake laluben hanya a kan allo, har da inda ya bi ta ƙi ɓullewa. Ɗalibi kuma, kafin ya buɗe bayan littafi ya leƙa amsa, ya ɗauka ya same ta, ya ja da baya, ya tambayi dalilin kowane layi. Iyaye su ma, idan yaro ya kawo amsa daidai, su tambaye shi ta ina ya bi. Allah Ya jiƙan wannan malami, Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani.