Tarihin Salomon Andrée da hotunan da suka shekara 33 cikin ƙanƙara

Yau za mu kawo muku tarihin wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Salomon August Andrée, wanda ya fita neman ƙuryar arewa ta duniya bai komo ba. Labarin ƙarshensa bai fito daga bakin kowa ba. An same shi ne cikin littattafan da ya bari, da kuma fim na hoto da aka tsinta kusa da gawarsa.

An haifi Andrée ran 18 ga watan Oktoba na shekara ta 1854 a wani ƙaramin gari da ake kira Granna. Ya yi karatun injiniya a babbar makarantar fasaha ta Istokholm, ya gama a 1874. A 1876 ya tafi Amurka wajen babban baje-kolin birnin Filadalfiya, inda ya yi aikin shara a rumfar ƙasarsu don ya sami abinci. Can ne ya gamu da John Wise, wani tsoho gwanin tashi sama cikin balan-balan, sha'awar abin ta shiga ransa, ba ta kuwa sake shi ba har mutuwarsa. Daga 1885 ya kama aiki a ofishin gwamnati mai rajistar sababbin ƙere-ƙere. A 1893 ya sami balan-balan na kansa, ya tashi da shi sau 9.

A wancan zamani ba wanda ya taɓa taka ƙuryar arewa. Wuri ne na teku daskararre, ba gari, ba itace, jiragen ruwa kan maƙale cikin ƙanƙara. Andrée ya ce shi ta sama zai bi. A 1895 ya bayyana shirinsa, Sarki Oskar na II da attajirin nan Alfred Nobel suka ba da kuɗi. Aka ɗinka balan-balan ɗin a Paris da alharini ninki uku, faɗinsa ya ɗara mita 20, aka cika shi da iskar haidurojin wadda ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba. Dabararsa ita ce ya saki dogayen igiyoyi su riƙa jan ƙasa, don su rage gudun balan-balan ɗin, a iya karkata shi da filafilai.

A 1896 suka je tsibirin Danskoya suka yi ta jiran iskar kudu, ba ta zo ba, suka komo. Abokin tafiyarsa Nils Ekholm, masanin yanayi, ya auna ya ga iska tana zurarewa ta wajen ɗinki fiye da kima. Ya faɗa, ba a saurare shi ba, ya janye. Hausawa sun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Aka sa wani saurayi injiniya, Knut Fraenkel, a madadinsa. Na ukunsu shi ne Nils Strindberg, ɗan shekara 24, wanda aka ɗora wa aikin ɗaukar hoto.

Ran 11 ga watan Yuli na 1897 suka tashi. Tun a gaban masu rakiya yawancin igiyoyin suka kwance suka faɗi, ke nan linzami ya tsinke. Hazo ya daskare a jikin balan-balan ɗin ya ƙara masa nauyi, har kwandon da suke ciki ya riƙa bugun ƙanƙara. Ran 14 ga wata suka sauka, bayan sun yi nisan kilomita wajen 480, wato kusan sau goma na tafiyar Takieta zuwa Damagaram. Strindberg ya fito da akwatin hotonsa, ya ɗauki balan-balan ɗin kwance bisa ƙanƙara, abokansa biyu suna tsaye kusa da shi.

Daga nan sai tafiyar ƙasa. Kowannensu yana jan kaya da da farko suka fi kilo 200, nauyin buhu biyu na hatsi. Suna tafiya, ƙanƙarar da suke takawa tana yawo bisa ruwa tana mai da su baya. Abincinsu naman wata ƙatuwar farar dabba ce mai gashi, wadda ta fi zaki girma, Faransawa suna kiran irinta urs. Ran 5 ga watan Oktoba suka kai wani tsibiri da ba kowa, ana ce da shi Kvitoya, ma'ana Farin Tsibiri. Nan suka mutu cikin ƴan kwanaki. Strindberg ne ya riga su, aka binne shi a tsakanin duwatsu.  Likitoci sun yi ta gardama a kan sanadin mutuwarsu, waɗansu suka ce cutar naman dabbar ce, waɗansu suka ce sanyi da gajiya.

Don ku gane tsawon lokacin da aka yi ba labarinsu, ku tuna da namu tarihin. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 aka yi yaƙin Tirmini, a kan hanyar da ta haɗa Takieta da birni. Zinder ta zama babban birnin ƙasa, a 1926 aka mai da mulki Yamai. Duk wannan ya faru su ukun suna kwance ƙarƙashin ƙanƙara.

Ran 6 ga watan Agusta na 1930, a wata shekara da ƙanƙara ta narke fiye da yadda ta saba, mutanen wani jirgin ruwa na ƙasar Norwe mai suna Bratvaag suka sauka tsibirin suka tarar da zangonsu. Ran 5 ga watan Oktoba aka kai gawawwakin Istokholm, ƙasa duka ta yi makoki. Cikin kayan aka sami nadin fim guda 5 da aka riga aka ɗauki hoto da su, ɗaya yana cikin akwatin hoton.

Aka danƙa su ga John Hertzberg, malamin ilmin hoto a makarantar da Andrée ya yi karatu. Ga yadda fim na baƙi da fari yake aiki. Fuskarsa shafe take da wani gishiri na azurfa. In haske ya taɓa shi sai ya bar alama wadda ido ba ya gani. Mai wanki yakan shiga ɗaki mai duhu ya tsoma fim ɗin cikin magani na farko, wuraren da haske ya taɓa su yi baƙi. Sa'an nan ya tsoma shi cikin magani na biyu, wanda ke cire sauran gishirin don kada haske ya sake ɓata shi. Zafi da laima suna lalata wannan alama da sauri, sanyi kuwa yana jinkirta lalacewarta. Sanyin tsibirin shi ne ya tsare aikinsu. Cikin hotuna 240, Hertzberg ya ceto 93. Gani ya kori ji: duniya ta ga fuskokinsu, da zangonsu, da dabbobin da suka harbe. Ana ajiye kayan tafiyar a gidan tarihi na Granna, garin haihuwarsa.

Andrée mutum ne mai ƙarfin zuciya da ilmi, amma ya ƙi jin shawarar wanda ya auna, ya tafi da rayukan samari biyu. Strindberg kuwa bai bar aikin da aka ɗora masa ba, ko da ya ga babu tabbacin komowa.

Mu a nan ƙasarmu ta zafi ce, ba ƙanƙarar da za ta tsare mana fim shekara 33. Saboda haka duk wanda ya gaji tsohon akwatin hoto, a Takieta ko a Birni ko a Zango, kada ya buɗe bayansa a fili, gama haske na ɗan ƙiftawar ido ya isa ya shafe abin da ke ciki. Ya ajiye shi wuri mai sanyi marar laima, ya kai wa gwanin wanki. Ma'aikata kuma su kula da tsofaffin hotunan da ke cikin ofisoshinsu, su raba su da gara da yoyon damina, su rubuta suna da shekara a bayan kowanne tun dattawan da suka san fuskokin suna da rai.