Murnau: Daraktan da kotu ta ce a lalata fim ɗinsa

An haifi Friedrich Wilhelm Murnau a garin Bielefeld na ƙasar Jamus a 1888. A 1922 ya fitar da Nosferatu, fim marar magana kan wani mamaci da ke tashi da dare yana shan jinin mutane. Da inuwa ya razana 'yan kallo: sai a ga inuwar dodon, da zaƙo-zaƙon farata, tana hawa bene.

Sai dai daga littafin Dracula na marigayi Bram Stoker aka ɗauko labarin, ba tare da izini ba. Matar marubucin, Florence, ta kai ƙara, kuma a 1925 kotu ta umarci a lalata kwafin fim ɗin gaba ɗaya. 'Yan kaɗan da suka tsira ne suka sa ake kallonsa har yau.

Murnau ya mutu sakamakon haɗarin mota a Amurka a 1931, yana da shekara 42.