Noah Webster, Malamin da Ya Bi Dangin Kalmomi

An haifi Noah Webster ranar 16 ga Oktoba, 1758, a West Hartford da ke jihar Connecticut ta Amurka. Ɗan manomi ne. Ya kammala jami'ar Yale a 1778, sannan ya kama aikin koyarwa. Littattafan da ya tarar a aji na Ingila ne, don haka a 1783 ya fitar da nasa, mai shuɗin bango, wanda ya rarraba kalmomi gaɓa-gaɓa domin yara su iya rubuta su. Babban ƙamusunsa mai kalmomi kusan 70,000 ya fito a 1828, yana da shekara 70.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na mai nazarin ƙirar kalma, shi ne yadda yake duban kalma tare da 'yan uwanta. Turawan Ingila suna rubuta defence da c, amma ɗan uwanta defensive da s yake. Webster ya zaɓi defense domin gidan ya zama bai ɗaya. Haka ya cire u daga labour da honour, tun da babu ita a laborious da honorary. Dabarar tana aiki ko a inda bai taɓa komai ba. Harafin g da ba a furtawa a sign yana fitowa fili a signature. Ɗafa-goshin dis- kuwa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, shi ya sa disappear ke da s ɗaya, dissatisfy ke da biyu. Mu da muka san yadda ma- ke haifar da makaranta da makaranci daga karanta, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu.

Ba duk shawararsa aka karɓa ba. Ya so a riƙa rubuta tung maimakon tongue, jama'a suka ƙi, kuma a ganina sun kyauta. Bayaninsa kan asalin kalmomi ma yana da rauni, sai da aka sake shi a bugun 1864.

Ya rasu a New Haven ranar 28 ga Mayu, 1843, 'yan gidan Merriam suka sayi haƙƙin ƙamusun. A Nijeriya rubutun Ingila aka koya mana a makaranta, kwamfuta kuma sau da yawa na Webster take bi, don haka kafin ka miƙa jinga, duba ko ka gwamutsa su.